Shekarar da Na Yanke Ƙafafun Tebur

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, Shi da ya miƙar da gadon bayan ɗan Adam ya tsayar da shi a kan ƙafafu biyu. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

'Ya'yana, na san abin da ake gaya muku game da barina aiki a Jega. Wasu sun ce zafin rai ne ya ɗebe ni na farfasa kayan gwamnati. Wasu sun ce ƙin Nasara ne, har suna yabona a kan jaruntar da ban yi ba. Duka biyun ba haka ba ne. Na daɗe ina jin maganar ina yin shiru, sai bara da autana Sani ya zo gida daga ofishinsu, na ga yadda yake dafe ƙugu kafin ya kai ga tabarma, mutumin da bai cika arba'in ba. A ranar na ce lokaci ya yi da zan rubuta muku yadda abin ya faru.

A Jandutsi aka haife ni, a can na yi sauka. Daga nan mahaifina ya kawo ni Jega ya danƙa ni ga Malam Mudi, don in karanci littattafai in kuma gyara hannu. Malam Mudi gajere ne siriri, mai sanyin murya. In yana magana sai ka matso. Shekara goma sha ɗaya na yi a zaurensa, shi ya yi mani aure, kuma ban taɓa tsayawa a kansa ba. In zan miƙa masa takarda, da gwiwa nake ƙarasawa. A ƙasa muke rubutu, a kan buzu. Ka naɗe ƙafa ɗaya, ka tayar da gwiwar ɗayar, ka ɗora takarda a kan ɗan allo mai rufin fata bisa gwiwar, sai takardar ta zo maka kusa da ido, ba kai za ka bi ta ba. In ƙafa ta gaji ka sauya. In alƙalami ya dushe ka tashi ka nemo wuƙa ka fiƙe shi. In tawada ta yi kauri ka je randa. Ga alwala, ga salla, ga baƙon da za ka taso ka tara. Mutum zai yini yana kwafar littafi, amma bai taɓa yin sa'a guda a zama iri ɗaya ba. Ba mu san dabara ce ba. Mu dai haka muka tarar ana yi.

A shekarar da nake ba ku labari Turawa sun riga sun zauna, kasuwar Jega kuwa ta cika ta batse. Fatake da goro, masu gishiri, Fulani da shanu, mutanen Aliero da jakunan albasa. Inda mutane suka yi yawa haka, rigima ba ta ƙarewa, sai aka ɗora wa Malam Mudi sauraron ƙararrakin kasuwa, ni kuma aka ce ni ne magatakarda. Baturen da ke zagaya ƙasarmu ya ce kowace ƙara a rubuta ta a wani ƙaton littafi mai bango, wanda ba ya zama a gwiwa. Bayan kwanaki sai ga mutum huɗu daga Birnin Kebbi ɗauke da tebur da kujera. Da alama da tsawon Baturen aka auna su, shi kuwa dogo ne ƙwarai. A ƙasan ƙafar teburin ɗaya an ƙona tambarin gwamnati. Aka ajiye su cikin zaure, yara da manya suka taru a ƙofa suna leƙe. Malam ya kewaya teburin sau ɗaya, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa.

"Wanga abu na wa ne?"

Masinjan da ya rako kayan ya ce, "Na magatakarda ne, Allah gafarta Malam. Kai ma in kana so sai a aiko maka."

"A'a. Ƙasa na ishe malamaina. Umaru, hau mu gani."

Na hau. Ƙafafuna ba su kai ƙasa ba, sai reto suke yi. Na duba gefen hagu, sai na ga abin da ban taɓa gani ba tun da nake: tsakiyar rawanin Malam, daga sama. Ban san lokacin da na zamo zuwa bakin kujera na duƙar da kai har haɓata ta kusa taɓa littafin ba. To, zaman da na yi ke nan daga ranar, kullum, tun hantsi har la'asar. Gindina a bakin kujera, ƙafafu a sama, baya a lanƙwashe don kada kaina ya yi wa Malam rumfa. In yana magana in murɗa hagu in saurara, in murɗo dama in rubuta. Ba na kuma tashi, don in na miƙe tsaye na ƙara yi masa tsawo, in na ce zan sauka da gwiwa kuma teburin ya tare ni. Alƙaluma biyar nake fiƙewa tun daga gida don kada in sami dalilin motsawa.

A gida kuwa abin dariya na zama. Ku da kuka tashi kuka ga maza a kan kujeru ba za ku gane ba, amma a lokacin kujera kayan mata ce, 'yar guntuwa ta bakin murhu. Kakata Iya Tumba, wadda ta biyo ni Jega bayan na yi aure, ita ta fara tarata a tsakar gida.

"Ango, an ce ka samu kujera? Madalla. Hajo, miƙo mashi muciya, yau mu huta."

Mahaifiyarku Hajo, 'yar garin Giwa Tazo, lokacin ɗanmu ɗaya, ta juya baya tana dariya cikin zane. Na ce wannan kujerar gwamnati ce, ta fi ƙugun mutum tsawo.

"To ka yi hankali da hwaɗowa," in ji Iya Tumba. "Ni ba ni jinyar miji gurgu. Sakina za ka yi in nemi mai ƙahwa."

Muka yi dariya duka. Ban san bakinta ya kusa kama ni ba.

Ciwon ya fara kamar wasa, ɗan tsami a kwankwaso in na sauko da yamma. Kafin a yanke gero ya zama sai na dafa bango nake sa wando. Hajo ta gasa mani da tsumma da ruwan zafi, ta shafa man shanu. Wanzami ya yi mani ƙaho har sau uku. Na rubuta wa kaina rubutun sha. Duk in aka yi sai in ji dama, gobe in koma in hau kujerar in duƙa, jibi ciwo ya dawo da ƙarfinsa. Ranar da abin ya kai maƙura, muna sallar la'asar ne a masallacin unguwa. Na yi ruku'u, liman ya ɗago, sahu duka ya ɗago, ni na kasa. Kamar an kafa mani ƙusa a tsatso. Na tsaya a duƙe har aka tafi sujada, sannan na sulale ƙasa na ƙarasa a zaune. Daga ranar a zaune nake salla, a ƙarshen sahu, tare da tsofaffi biyu da makaho ɗaya, ni da ban kai talatin ba. Wannan ya fi ciwon yi mani zafi. Na fara tunanin ko haka zan ƙare, in rasa tsayuwa gaban Ubangijina tun ina da baƙin gemu.

Malam da kansa ya ce a kai ni Aliero wurin masu ɗori, ya ba da jakinsa. Tafiyar ba ta da nisa, amma sau huɗu ana sauke ni in kwanta a gefen hanya. Na tuna fadamun albasa kore shar, da mutane a duƙe cikinsu suna dashe, ina kallonsu ina hassadar bayansu. Mai ɗorin da aka kai ni wurinsa wani tsoho ne, Baba Arzika, hannuwansa kamar faifai. Ya kwantar da ni rub da ciki, ya bi gadon bayana da babban yatsa, gaɓa gaɓa, tun daga wuya.

"Hwaɗuwa ka yi?"

"A'a, Baba."

"Jaki ya shure ka?"

"A'a."

"Wane kaya kake ɗauka?"

"Alƙalami kaɗai."

"To alƙalamin naka na ƙarhe ne?"

Na ba shi labarin tebur. Bai taɓa ganin tebur ba, sai ya sa aka kife turmi ya ce in hau, ya tsaya gabana ya riƙe faifai daidai ƙirjina, ya ce in nuna masa yadda nake yini. Na zamo bakin turmin, na duƙa, na murɗa hagu, na murɗo dama. Tsohon nan ya yi dariya har faifan ya faɗi.

"Kai Malam, wa kake yi wa ruku'u tun hantsi har la'asar? Ƙashinka lahiya lau, ba ni da abin ɗorawa. Zama ne ya kama ka, zama ne zai sake ka."

Na ce ai ga manoman albasa can, su ma a duƙe suke yini.

"Su suna tahiya. Su duƙa, su miƙe, su ɗebo ruwa, su yi gardama. Kai ka ƙame wuri guda kamar an dasa ka."

Sai ya gaya mani abin da zan yi, kuma Sani, kai nake so ka karanta wannan wurin sau biyu. Ya ce in tura gindina har ƙarshen kujera bayana ya sami abin jingina. In sa guntun itace a ƙasa tafin ƙafafuna su zauna a kai sosai, don ƙafa in tana reto ƙugu ne ke ɗauke da ita. In tokare kan littafin da wani abu ya taso ya fuskance ni, in daina bin sa da wuya. In zan juya in juya da jikina duka. Duk shafin da na cika, kafin tawada ta bushe, in tashi in taka zuwa ƙofa in dawo. Ya ce in bar alƙaluma huɗun nan a gida. Da safe kuma in taka har bakin gulbi kafin in zauna. Bai ba ni ko saiwa ɗaya ba.

Na huta kwana bakwai na koma aiki da guntun itacena. Na hau, na jingina, na miƙe sosai, nan take na ji kamar an sauke mani kaya. Amma ba a yi rabin safiya ba sai aka shigo da wani dattijon Bafulatani daga wajen Maiyama, wanda aka yi ƙararsa cewa shanunsa sun shiga fadamar wani. Ya shigo daga hasken rana, ya dudduba cikin zauren, ya ga mutum a sama a miƙe da ƙaton littafi a gabansa. Ya wuce Malam Mudi kamar bai gan shi ba, ya zo gaban teburina ya ajiye sanda ya durƙusa, ya yi mani gaisuwar manya da Fillanci.

"Allah sabbinane, Alƙali."

Can sai na ji muryar Malam, a hankali kamar kullum.

"Ga ni nan ƙasa, Ardo."

Wani ya yi dariya a bakin ƙofa. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige. Kafin dattijon ya gama juyawa na riga na koma bakin kujera na duƙa, kuma a haka na ƙare ranar. Da aka watse na rarrafa wurin Malam na roƙe shi ya bari a gina masa dakali, ya hau ya fi ni tsawo. Ya ajiye tasbaharsa, ya ce:

"Ranar da anka ɗora mani aikin ga, na yi alkawari tsakanina da Ubangijina ba ni zama sama da wanda nike yi wa hukunci. Kai zauna yadda mai ɗori ya ce maka. Ni ban ga laihi ba."

Ga gaskiyar da nake so ku riƙe: Malam ya ba ni izini. Ni ne na kasa karɓa. Na gwada kwana uku, duk lokacin da na miƙe na hango tsakiyar rawanin nan sai bayana ya lanƙwashe da kansa, kamar ba nawa ba. Ciwon ya dawo. Ran nan da safe ina kwance a tsakar gida ina gaya wa Hajo damuwata, tana hura wuta, sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Mu dai in tukunya ta yi wa wuta nisa, duwatsun murhu muke ragewa."

Na tashi zaune. Ta ga fuskata, ta saki itacen da ke hannunta.

"Malam, ni ban ce ka taɓa kayan Nasara ba!"

Ranar da ba a zaman shari'a na kira wani masassaƙin turame, na nuna masa inda zai sara. Ya dubi tambarin, ya dube ni, ya ce hannunsa ne amma bakina ne. Da gizago ya yi aikin. Ya rage ƙafafun har teburin ya dawo daidai gwiwar mai zaune, na gefena ya fi rage su don fuskar ta ɗan kwanto, ya kafa siririn itace a baki don kada littafi ya zame. Kujerar na kai ta lungu. Guntayen ƙafafun na kai gida na ɓoye bayan rumbu, da nufin in an matsa a mayar. Bayan kwana biyu na duba ban gan su ba. Iya Tumba ta ce busassun itace ne masu kyau, ba hayaƙi, tuwon jiya da su aka yi. Har da mai tambarin.

Da Malam ya shigo ya tarar da ni a kan buzu, bayana a jikin bango, tebur a gabana kamar ɗan maraƙi a kwance, sai ya tsaya ya duba. Ya zauna a wurinsa, ya gyara riga.

"Barka da sauka, Umaru," ya ce.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi daɗi a duk aikina. Ina sauya ƙafa yadda na saba, in na cika shafi in ja da baya in fita ƙofa in miƙe in dawo, da safe in taka bakin gulbi in ga masunta na jan koma. Hannuna ya dawo, baƙaƙena suka zauna daram a kan layi. Sannu a hankali na bar ƙarshen sahu. Ranar da na fara cika raka'a huɗu a tsaye, makahon nan ya lalubo wurina bai same ni ba, bayan sallama ya ɗaga murya ya ce yaron nan ya gudu ya bar tsofaffi.

Baturen ya zo rangadi bayan an kwashe albasa. Ya sunkuyo ya shigo zaure da tafintansa, ya tsaya yana neman teburinsa a sama, sai ya gan shi a ƙasa. Ya zagaya shi, ya ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya yana neman tambari. Tafinta ya ce ana tambaya wa ya yi wannan.

Malam ya ce, "Da sanina anka yi."

Na ce, "Allah gafarta Malam, ba ka sani ba sai da ka gani. Ni na sa anka sare."

Shi ne karo na farko kuma na ƙarshe da na mayar masa da magana a gaban mutane. Ya dube ni, ya sunkuyar da kai.

Ba zan yi wa Baturen nan ƙarya ba, bai yi tsawa ba. Ya ce in zauna in rubuta ya gani, har ya tsuguna a gefena gwiwoyinsa na ƙara. Ya buɗe littafin ya daɗe yana kwatanta shafukan da na yi a sama da waɗanda na yi a ƙasa. Ta bakin tafinta ya ce na ƙasan sun fi kyau, ya gani. Amma ya ce in kowane magatakarda zai sassaƙe teburinsa yadda ya ga dama, ba a yi gwamnati ba. Za a aiko da sabo. In na hau na zauna, magana ta wuce. In ba zan hau ba, in miƙa littafi.

Na dubi kujerar a lungu, na dubi Malam. Na san in na hau zan duƙa, in na duƙa kuma na san ƙarshen sahu na jirana, wannan karon har abada. Na rufe littafin na miƙa da hannu biyu.

Kada ku ɗauka abin ya zo da sauƙi. Muka tattara muka koma Jandutsi, na koma noma da karantar da yara. A hanya Hajo ba ta ce da ni uffan ba, ita da mata ke kira matar magatakarda suna ba ta wuri a gidan biki. Iya Tumba ma ranar ba ta yi wasa ba. Wanda aka sa a madadina ya hau kujerar ya miƙe abinsa, bai ji komai ba, don ba a zauren Malam ya tashi ba. Ya yi gaba har ya zama babban mutum, 'ya'yansa suka shiga makarantar da ake ɗaukar 'ya'yan ma'aikata. Bello, kai ne babba, kai ka fi kowa biyan wannan. Da na zauna a aikin, da kai ma ka shiga, ga ka da kai mai kyau, ka ƙare a fadama. Na sani. Ban ce na yi daidai ba. Da na iya karɓar izinin da Malam ya ba ni, da na tsira da bayana da aikina duka. Ban iya ba, kuma ina roƙonka gafara a rubuce don 'yan'uwanka su shaida.

Malam Mudi ya rayu shekara tara bayan haka. Duk Juma'a nakan taka daga Jandutsi in gaishe shi, bai taɓa tayar da maganar tebur ba, ni ma haka. Wata safiya ina gona aka aiko cewa ya cika, kuma ya bar wasiyya ni zan sa shi a kabari. Na ajiye fartanya na kama hanya da ƙafa. Na sami wanka, na sami salla, na sa kafaɗa a makara tun daga ƙofar zaure har maƙabarta ban ba kowa ba. Na sauka cikin ramin, aka miƙo mani shi. Bai fi nauyin yaro ba. Na duƙa da shi a hannuna har ƙasa, na kwantar da shi a gefen dama, na fuskantar da shi alƙibla, na kwance ƙullin likkafani. Na gama, amma na kasa ɗagowa. Na daɗe a haka, hannuna a kan kafaɗarsa, har mutanen da ke sama suka fara motsi. Wani tsohon maƙwabcinmu da ya san ni tun zamanin ciwon ya leƙo, ya miƙo hannu.

"Malam Umaru, bayan ne?"

Na ce, "A'a."

Na miƙe, na dafa bakin kabarin, na fito da kaina.